Da Wa Baba Yake Ci?

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, layinmu na Fagge ya cika har masu adaidaita suka riƙa juyawa tun daga bakin titi. Maza suna waje a kan tabarmi da bencina, mata kuma sun cika tsakar gida har bakin madafa. Ni ina zaune a ƙofar ɗakina ina amsa gaisuwa. Kowace ta shigo sai ta ce, “Ya haƙuri?” in ce, “Da godiya,” sannan ta ƙara da irin tata maganar.

Gwaggo, ƙanwar Baba, carbi kawai take ja hawaye yana bin fuskarta. ’Yan kasuwar hula sun zo a ƙungiyance, babbansu ya aiko a gaya mana cewa rumfarsu ta yi maraici. Daga Zariya ma an kira waya. Tsohon abokinsa ne, wanda duk unguwa ke kira Ticha. Da aka miƙa wa maigidana wayar bai ji komai ba sai shessheƙa, har ’yar tsohon ta karɓa ta yi gaisuwar a madadinsa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa ta zauna kusa da ni ta dafa gwiwata ta ce, “Ai shi kam ya ji daɗin tsufansa. Safe, rana da dare langa ce ke shiga shagonsa na zaure, da idona nake gani. Wannan tafiya tasa tsufa ne kawai, jiki ya gaji.” Sauran mata suka ce wallahi haka ne.

Ban musa mata ba, don gidan makoki ba wurin musu ba ne, kuma ba ƙarya ta yi ba, ni ce mai zuba abincin. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Tsufa ya yi nasa, gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ya riga tsufa cin jikin Baba, a cikin gidan da tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a tuna da shi da rabin labari. Sunansa kuwa ba za ku gani a nan ba. Surukina ne, uban mijina, ko yana raye bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Kakanninsa daga Barno suka zo, shi kuma a Fagge aka yanke masa cibiya. Barbarcin da ya rage a bakinsa ɗan kaɗan ne, ba ya fitowa sai ransa ya ɓaci. Hula ce sana’arsa tun yana saurayi, a wata rumfa kusa da kasuwar Kwari. Kallo ɗaya zai yi wa kanka ya miƙo maka wadda za ta zauna daram. In mai saye ya yi gardama cewa ta yi masa yawa, sai ya ce, “Alhaji, baki yana rage shekaru, amma kai ba ya rage lamba.” Dogo ne, kakkaura, mai saurin tafiya. Yana da faɗa a kan abin da wasu ba su ɗauke shi komai ba. An ce ya taɓa mayar wa wani ciniki bayan an gama, don kawai ya ga mutumin ya murɗe sabuwar hula ya cusa a aljihu.

Abin da aka fi sanin ƙofar gidanmu da shi shi ne ciyayya. Da an idar da magariba za a shimfiɗa tabarma, dattawan layin kowa a fito masa da kwanon gidansa, a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan. Akwai wani tela Bafulatani da ba sa haɗuwa da Baba sai sun tsokani juna, akwai mai sayar da turare, akwai ladanin masallacinmu. Sai kuma Ticha. Shi Kirista ne, mutumin Zariya, tsohon malamin firamare, a Sabon Gari yake zaune. Sun san juna tun ranar da ya zo sayen hular angwancinsa. Kullum da yamma zai tako da ƙafa, ya keta hayaniyar shataletalen Bata da kwanon fate ɗaure a ƙyalle, ya zauna a bakin dakali yana jira su fito daga masallaci. Ba a buɗe kwano ko ɗaya sai ya iso.

A wannan tabarmar Baba ya yi mini alherin da ba zan manta ba. Ina amarya, Bakanuwa ce ni gaba da baya, ban taɓa girka burabusko ba. Aka ce shi Baba yake so. Kunya ta hana ni tambaya, na shiga madafa na yi abin da Allah Ya nufa. Abin ya caɓe, ga ƙauri, ga gishiri ya zarce. Haka aka fita da shi gaban dattawa, inda ake sanin matar kowane gida da hannunta. Na shige ɗaki ina jiran abin kunya. Daga baya ladan ya ba matarsa labari, ita kuma ta kawo mini. Wai tela yana kai loma ya yamutsa fuska, sai Baba ya ce, “Kai Bafillace, me ka sani? Wannan shi ne na asali, haka ake yin sa a garinmu. Wanda kuka saba ci na ’yan birni ne.” Ya ja kwanon gabansa ya cinye tas. Washegari ya sa Inna, matarsa, ta kira ni ta koya mini a asirce. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Tsakaninsa da maigidana kuwa sai kunya. Maigidana ne ɗan fari. Har furfura ta fito masa a gemu Baba “yaron nan” yake ce masa. Da safe zai durƙusa a ƙofar shago ya ce, “Baba, an tashi lafiya?” a ce masa, “Lafiya,” shi ke nan hira ta ƙare. In Baba yana son sanin ko ɗansa ya ci abinci, ni zai aiko wa a tambaya, “Mutanen gidan duk sun ci?” Na san wanda yake nufi. Ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, balle su haɗa hannu a kwano.

Sannu a hankali tabarmar ƙofar gida ta fara yin faɗi. Tela ya riga su tafiya. Mai turare ya bi ’ya’yansa wata unguwa. Ladan ya kwanta jinya bai tashi ba. Inna ma ta rasu a tsakanin nan. Suka rage su biyu, shi da Ticha, har gwiwoyin Ticha suka ƙi, tsallaka titi ya gagare shi. Daga nan aka daina shimfiɗa tabarma, aka koma kai wa Baba abinci shagonsa na zaure. A ajiye, a gaishe shi, a saki labule. Wa zai tsaya a kan dattijo yana cin abinci? Ba tarbiyya ba ce.

Langa kuwa kullum wayam take dawowa, har da suɗi. A gidanmu, kamar kowane gida, babba ba ya cinye kwano, yakan rage wa yara, su kuma suna rububin sauran Baba don albarka da ɗan naman da ke ciki. Ina ganin kwano fes sai in ce alhamdu lillahi. Ashe abin da muke kira saura shi ne abincin gaba ɗaya. Baba yakan gutsiri gefe ɗaya don kada a ce bai taɓa ba, ya kira jikoki. Abin da ke riƙe da shi shayi ne da safe, sai goron da yake gogawa a ɗan magoginsa, don haƙoran sun ƙare.

Jiki ya yi ta faɗa mana, mu ne ba mu iya ji ba. Zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Hularsa ta fara sauka har kan kunne, shi da ya ƙare rayuwa yana auna kawunan mutane, ya ce wai wanki ne ya buɗa ta. Ya koma salla a zaune. Ƙafafunsa suka ɗan kumbura, Gwaggo ta ce ai ƙiba ce ta tsufa. Ƙusa ta karce shi a ƙwauri, ɗan ciwon da yaro zai warke a mako, shi ya shafe watanni yana ruwa. Mura ba ta wucewa ta ƙofarmu ba tare da ta shigo ta gaishe shi ba. Duk wanda ka tambaya sai ya ce tsufa ne. Wata ranar Juma’a ya yunƙura zai tashi a masallaci, jiri ya kwashe shi ya faɗi.

A asibiti wata likita ce ta duba shi, mace mai natsuwa. Ta auna abin da za ta auna, ta kama damtsensa ta ga fata ce kawai a kan ƙashi, sannan ta fito da mu waje. Ta ce babu wata babbar cuta da ta gani, abin da ke damunsa rashin abinci ne.

Maigidana ya miƙe tsaye. “Yunwa? A gidana? Likita, ki san abin da za ki faɗa. Ni zan bar ubana da yunwa?”

Ta ce, “Alhaji, ban ce ba ka kawowa ba. Na ce ba ya shiga cikinsa.” Ta yi mana bayani cewa tsoho yakan daina jin yunwa ko da jikinsa yana nema, harshensa ya daina jin daɗin abinci, in kuma abin da yake ci ya gaza, jiki sai ya koma cin naman kansa. Daga nan ƙarfi zai tafi, jini ya ragu, ciwo ya ƙi warkewa, ƙaramar cuta ta zama babba. Ta ce a ba shi mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa: ƙwai, wake, kifi, nono, gyaɗa, ganye. Ta kuma gargaɗe mu cewa abin da ya zube a shekaru ba zai dawo a mako ba.

Na dawo gida da zafina. Na hana yara kusantar shagon, na ce duk wanda na kama da kwanon Baba sai na saɓa masa. Na shiga yin alale da kifi, kunun gyaɗa, farfesu, fura da nono mai kauri, faten wake da alayyafo. A ranar na fara ganin gaskiya, kwano ya dawo kamar yadda ya tafi, sai ɗan gurbin yatsa a gefe.

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na je na durƙusa a bayan labule. “Baba, ko girkin ne bai yi ba?”

“Girki ya yi. Na ƙoshi.”

“Baba, ba ka ci komai ba.”

Sai ya ce, “Wa ya hana yara sauran kwano?”

Na ce ni ce. Ranar na ji Barbarci. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na san ba addu’a ake yi mini ba. Ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Na sassauta, na ce to yaran su zauna su ci tare da shi, ai jika abokin wasa ne. Sai ya zama mai rabo, wannan tsoka, wancan romo, shi hannunsa a bushe. Muka gayyato wani dattijo daga masallaci, Baba ya karɓe shi a matsayin baƙo, yana ta “Bismillah, ƙara mana,” har baƙo ya ƙoshi ya yi godiya ya tafi. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ina kallon mutum yana ƙarewa ga abinci a gabansa.

Wata rana na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kifi, sai na ce bari in ƙarasa in gaida Ticha. Na same shi a baranda, ƙafafu a kan kujera. Na zayyana masa komai, har da abin da nake dafawa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “’Yata, duk na ji. Amma da wa yake ci?”

Na ce, “Shi kaɗai mana.”

Ya girgiza kai. “To ai ba zai ci ba. Tun muna samari ban taɓa ganin mutumin nan ya kai loma baki shi kaɗai ba. Ko a kasuwa, in an kawo masa abinci sai ya nemo wani. Ran da ruwan sama ya tsare ni ban zo ba, washegari da faɗa yake tarbata, wai na kwanar da shi da yunwa. Shi fa abinci ba ya wuce masa sai yana gardama.”

Duk cikinmu, da likita da mu ’yan gida, tambayarmu ita ce me yake ci. Ba wanda ya taɓa tambayar da wa.

Ran Asabar na ɗauki shatar adaidaita, aka cicciɓo Ticha aka kawo shi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Baba ya dube shi ya ce, “Kai, ba ka mutu ba?” Ticha ya ce, “Ina jiran ka fara, kai ne babba.” Ina daga ciki ina jin su suna musu a kan shekarar da aka yi wata gobara a kasuwa. Da aka shigo da kwano, rabin alalen babu, kuma ba yaro ko ɗaya da ya taɓa. Na shiga ɗaki na yi kuka. Mun yi haka ’yan makonni, sai ’yar Ticha ta zo ta tafi da shi Zariya, don shi ma ba mai kula da shi a nan. Ba wanda zai ga laifinta. Kwanon Baba ya koma dawowa a cike.

A nan ne na tari maigidana. Na ce, “Saura kai.”

Ya ce, “Ni me?”

“Ka zauna ka ci da shi.”

Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba riga. Gwaggo tana gidan a ranar, ta saki salati. “Ɗan fari ya sa hannu a kwanon ubansa? A gidan wa aka taɓa yi? Ke ’yar nan, so kike a ce ba mu da kunya?”

Ina girmama Gwaggo, amma ranar bakina ya riga ni. Na ce, “Gwaggo, kunyar nan ita za mu sa a likkafani ko shi?” Ta ɗauki mayafinta ta tafi. Maigidana ya yi kwana da kwanaki yana fita yana dawowa fuska a ɗaure. Na san ba ƙi yake yi ba. Mutumin da ya haura hamsin bai taɓa haɗa ido da ubansa ba, bai san ta inda zai fara ba.

Wata magariba na zuba tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka da kifi, zan ba yara su kai, sai ya ce, “Kawo.” Ya ɗauka da kansa. Na bi shi a baya na laɓe a zaure, Allah Ya yafe mini leƙe. Ya yi sallama ya shiga, ya ajiye, ya wanke hannu, ya zauna. Baba ya juya fuska wajen bango.

“Lafiya?”

“Yunwa nake ji, Baba. An ce na ciki ya ƙare, sai wannan.”

“To ɗauka ka je ka ci.”

“A nan zan ci.”

Na ji kamar in shiga in janye maigidana. Sai ya buɗe langa ya yi bismilla, kansa a ƙasa, ya fara ci hannu baka hannu ƙwarya don ya gama ya tsere. Baba ya saci kallonsa sau ɗaya, ya sake. Can ya ce, “Kai, a hankali mana. Wa yake korar ka?” Maigidana ya rage sauri. Baba ya juyo gaba ɗaya yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa jariri. “Ashe haka kake ci? Kamar uwarka, miya ta ƙare tuwo yana nan.” Sai ya jawo kwanon wanke hannu. “Matsa can. Kada ka shigo mini gefena.”

Ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki.

Daga ranar maigidana ya riƙa rufe shagonsa na kasuwa da wuri. Har da rana yakan hau babur ya dawo. Gwaggo ta zo ta gani da idonta, ba ta ce ta yarda ba, amma washegari ta aiko da man shanu. Ina jiyo Baba da ɗansa suna gardama a kan farashin yadi, a kan ko kifin ruwa ya fi busasshe. Ciwon ƙwaurin ya fara kamewa, kumburin ƙafa ya saɓe, har ya yi salla a tsaye yana dafa bango. Na fara sa rai.

Amma likita ta faɗa mana tun farko. Da damina ta sauka tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Mai ƙarfi zai sha magani ya tashi, shi kuwa jikin bai gama tara abin da zai yi yaƙi da shi ba. Aka kwantar da shi, aka sallamo shi, ya dawo gida numfashi sama-sama. Tuwo ya gagara, sai kunu, shi ma ba ya karɓa sai ɗansa ya kurɓa a gabansa.

Yammacin ƙarshe ya sha fiye da yadda ya saba. Maigidana ya shigo da kofin yana murmushi, ya ce, “Baba ya ce a tambaye ki, gobe me za mu ci?”

Tunda na zo gidan nan ban taɓa jin Baba ya tambayi abin da za a dafa ba, balle a shekarun da abinci ya fita ransa. Daɗi ya kama ni. Na ce a gaya masa alale ne, da kifi da ƙwai a ciki. Aka dawo mini da amsa, wai a sa albasa da yawa, yaron nan yana so.

Na surfa wake a yammacin. Da gari ya waye na jiƙa shi, ina shirin ba da markaɗe, sai na ji salatin maigidana daga zaure. Waken yana cikin ruwa aka yi wa Baba wanka.

Allah Ka gafarta wa wannan bawa naKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, kada Ka bar shi gaban kwano shi kaɗai.